Darasin Dutse Mai Tauri Biyu, Watau Kayanait

Zuwa ga 'yan'uwa fatake da dillalai na kasuwannin Bagudo da Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, da na tsallaken iyaka, Segbana da Malanbil. Yau mun aje zancen farashin shinkafa da gero gefe ɗaya, za mu yi karatun dutse. Dalili kuwa shi ne, tun wajen 2022 da maganar litiyam ta game ƙasar nan, ba a rasa mai zuwa rumfar ɗan kasuwa da ƙunshin duwatsu cikin leda, shina neman wanda zai zuba kuɗi a yi haƙa. Ɗan hatsi shi ke da kuɗi a hannu bayan kaka, don haka wurinsa ake fara zuwa. To mutumin da ba a iya cutarsa da tsakuwa ɗaya cikin mudun wake, sai ka ga an sayar mashi da buhun tsakuwa zalla, don kawai tana da launi mai kyau.

Cikin duwatsun da ke ruɗin mai saye akwai wani shuɗi da ake ce ma kayanait. Shi munka zaɓa mu fara da shi, domin shina kama da duwatsu biyu masu tsada, alhali shi kansa kuɗinsa kaɗan ne, kuma gwajinsa bai fi ƙarfin mai allura da sikeli ba.

Sunansa daga harshen Girkawa ya fito, daga kalmarsu ta shuɗi. Wani malamin duwatsu na Jamus, Werner, shi ya raɗa mashi wanga suna a 1789. Sa'an nan a 1801 wani Bafaranshe mai suna Haüy ya kira shi disten, ma'anarsa ƙarfi biyu. Ku riƙe wanga suna na biyu, gama mu mutanen bakin iyaka ne, takardun Benin da na Nijar da Faransanci ake rubuta su, kuma a can disten ɗin ya fi yawa a bakin masana. Kada wani ya zo maku da sunan Faransanci ya ce wani sabon ma'adini ne. Dutse ɗaya ne, suna biyu.

Kamanninsa ba ya ɓoyuwa ga wanda ya taɓa ganinsa. Shina fitowa dogo, shimfiɗaɗɗe, mai faɗi kamar ruwan wuƙa ko takobi, wani lokaci ɗaiɗai, wani lokaci a haɗe kamar an danne damin tsintsiya. Shuɗinsa ba ya zama bai ɗaya. Sai ka ga tsakiya ta yi duhu, gefe ya yi fari-fari, kamar zanen da bai sha baba sosai ba. Akwai fari, da toka-toka, da kore, har da baƙi, kuma a Loliondo ta ƙasar Tanzaniya an sami mai ruwan lemo. Launin duk baƙo ne a jikinsa. Ɗan ƙarfe da wani ma'adini titaniyam su ke kawo shuɗin, manganis ke kawo ruwan lemon. Shi tsantsarsa abu biyu ne: kashi 63 cikin 100 alumina, watau uwar sanholon da ake zuba tukwane da shi, sauran kashi 37 kuwa silika, watau abin da ke cikin farin yashi da dutsen ƙanƙara.

Fasali kan asalinsa

Duk wanda ya san Ka'oje ya san farar ƙasarta. Ita wagga farar ƙasa yumɓu ce mai yawan alumina, kuma irin wanga yumɓu shi ne kakan kayanait. In laka mai alumina ta nutse cikin ƙasa zurfin kilomita 15 ko fiye, nauyin duwatsun da ke bisa ya danne ta, zafi ya gasa ta shekaru aru-aru, sai ta sake hali ta zama dutse mai falle-falle. Cikin wanga dutse kayanait ke tsirowa, tare da ƙanƙara da ganet ja da maika, wannan mai sheƙi da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Bayan nan sai ƙasa ta tunkuɗo, ruwa da iska su zaizaye na bisa, dutsen ya bayyana a sarari.

Abin mamaki a nan, alumina da silika ɗin nan, da awonsu ɗaya ba ƙari ba ragi, suna ba da dutse iri uku. In danniya ta yi yawa, kayanait. In danniya kaɗan ce, andalusait. In zafi ne ya yi yawa ƙwarai, silimanait. Kamar dai gero ne: shi ne fura, shi ne tuwo, shi ne kunu, hannun da ya sarrafa shi ya bambanta su. Da yake kayanait shi ya sha matsi fiye da 'yan'uwansa, shi ya fi su nauyi.

Wanga bayani shina da amfani ga aljihu. Ƙasarmu ta wajen Illo da abin da ya yi arewa, yashi ne da yumɓu da tsakuwa da ruwa ya shimfiɗa, ba su taɓa nutsewa wancan zurfi ba. Har masana ƙasa sun sa ma wani ɓangare na waɗanga shimfiɗu sunan Illo. Irin wagga ƙasa farar ƙasa take bayarwa, ba jijiyar kayanait ba. Haka tsallake, wajen Madekali da Lumbu-Lumbu, abin da anka sani a can tama ce. Tsoffin duwatsu masu falle-falle sai an yi kudu da gabas, wajen Yawuri da Zuru, a zarce jihar Neja da Birnin Gwari. Jerin ma'adinan da hukuma ke fitarwa, jihohin Kaduna da Neja ya ambata a kan kayanait. Saboda haka in mutum ya ce maku ya haƙo shi cikin fadamar shinkafa, ku tambaye shi da kyau. Ana samun 'yan ƙwayoyinsa cikin yashin gulbi, gama ruwa na ɗauko su daga nesa, amma ƙwaya cikin yashi ba rami ba ce.

Fasali kan gwaji

Ga inda karatun yake. Tun 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, kuma har yau da shi ake aiki. Taurin da ake nufi a nan ba na fashewa ba ne, na karta ne: wa ke kartar wani. Farce shina wajen 2 da rabi. Tsinin wuƙa mai kyau da kwalba suna wajen 5 da rabi. Ƙanƙara 7, safaya 9, daimon 10. Na bisa shina kartar na ƙasa, na ƙasa ba ya kartar na bisa.

Yawancin duwatsu lamba ɗaya ake ba su. Kayanait kuwa biyu gare shi. In ka ja allura bisa faɗinsa, ka bi tsawonsa, taurinsa 4 da rabi ne zuwa 5, allura za ta kama, ta bar farin zane. In ka juya ka ja ta a gicciye, taurinsa 6 da rabi ne zuwa 7, allura za ta zame ba ta bar komi ba. Dutse ɗaya, fuska ɗaya, hali biyu. Abin da ya sa Bafaranshen nan ya ce mashi ƙarfi biyu ke nan. Amma fa a lura, allurar ɗinki ake nufi ko tsinin wuƙa mai kyau. Basillar da muke ɗinke buhu da ita, wata ƙarfenta taushi gare shi, sai ta bar baƙin zanen jikinta bisa dutse ka zaci karta ce. A shafa da yatsa mai damshi. In zanen ya goge, ba karta ba ce. Kuma ba a yin wanga gwaji bisa dutsen da anka riga anka yanka anka goge, don ɓata kayan mutane ne.

Hali na biyu, tsagewa. Kayanait shina tsagewa ta tsawonsa falle-falle kamar kara, fuskar da ta tsage kuwa sumul, da sheƙi irin na cikin ƙumba. In ka goga shi bisa gindin kofin tangaran inda ba a shafe ba, farin gari zai bari komi shuɗinsa. Maganaɗisu ba ya kama shi, ruwan batir ba ya cinsa, wutar gawayi ba ta narka shi.

Hali na uku nauyi, kuma mu 'yan sikeli nan ne gonarmu. Kayanait ya fi ruwa nauyi sau 3.6. Ga yadda ake gane wannan ba tare da na'ura ba. A sami ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya, a auna dutsen, a rubuta. Sai a ɗora kofin ruwa bisa sikelin, a mai da shi sifiri. A ɗaure dutsen da zare siriri, a riƙe zaren, a nutsa dutsen cikin ruwa duka, kada ya taɓa gindi ko gefen kofi. Lambar da sikeli ya nuna, da ita za a raba ta farko. Misali dutse ya yi giram 36, cikin ruwa sikeli ya nuna 10, to 36 a raba 10, an sami 3.6. Sharaɗi shi ne dutsen ya zama tsantsa, ba maƙale da ƙanƙara ko maika ba, in ba haka ba lissafi zai sauko, kamar mai auna shanshera shina zaton tsaba ya auna.

To yanzu ga masu kama da shi. Babbansu safaya, yaƙutun nan shuɗi da ake samu a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kudancin Kaduna. Ita nauyinta 4 ne, taurinta 9 ta kowace fuska, allura ba ta yi mata komi, kuma takan fito kamar ƙaramar ganga mai kusurwa shida, ba kamar ruwan wuƙa ba. Kayanait mai kyau, irin wanda ake samu a ƙasar Nefal, in an yanka shi an goge, har ɗan kasuwar duwatsu sai ya sake dubawa kafin ya raba shi da safaya. Tsakanin kuɗinsu kuwa akwai tafiya mai nisa. A nan ne ake yanka mutane. Akwamarin, wanda 'yan Jos ke taƙaitawa akwa, shuɗinsa garau ne kamar ruwa, sanda ce mai gefe shida, nauyinsa 2.7 kaɗai. Tomalin nauyinsa wajen 3.1, taurinsa 7 ko fiye ko ta ina. Tofaz shi ne nauyinsa ya kusanci na kayanait, wajen 3.5, don haka sikeli ba ya raba su da kyau, amma taurinsa 8 ne, allura ta raba gardama. Fasasshiyar kwalba kuwa 2.5 ce, sau da yawa da 'yan kumfa a ciki.

Wanda ya fi damunmu a wanga zamani shi ne sifodumin, ɗaya daga cikin duwatsun da ake fitar da litiyam na batir. Shi ma dogo ne mai faɗi, shi ma shina tsagewa, farinsa da toka-tokansa suna kama da farin kayanait ga idon baƙo. Ga bambancin: sifodumin nauyinsa wajen 3.2, taurinsa 6 da rabi zuwa 7 ko ta tsawo ko ta gicciye, allura ba ta kama shi. Kayanait babu litiyam a cikinsa ko ƙwaya. Wanda ya sayi buhunsa da sunan litiyam, ya kai ma masu saye, dawo mashi da kayansa za a yi, ga kuɗin mota ya tafi.

Mun ji ana yaɗawa a waya cewa rataya wanga dutse na maganin ciwon wuya da fushi da rashin barci. Babu likitan da ya tabbatar da haka. Tallan masu sayar da tsakiya ne.

Fasali kan amfaninsa da kasuwarsa

Kada a ce don mun rage mashi daraja ba shi da aiki. Aikinsa a wuta yake. In an gasa shi zafi ya kai wajen digiri 1,350 zuwa 1,400, sai ya juye ya zama wani abu da ake kira mulait, wanda ke jure zafi har wajen digiri 1,800. Ku auna: sanholo na narkewa a 660, tanderun siminti shina kai 1,450, ƙarfe na narkewa a 1,538. Watau tanderun da ake narka ƙarfe ko gilashi, ko ake gasa siminti irin na Kalambaina a Sakkwato, dole a shafe cikinsa da tubalin da wuta ba ta ci, in ba haka ba shi kansa tanderun zai zube. Kayanait shina cikin kayan da ake haɗa irin wanga tubali da turmin shafe. Ana sa shi kuma cikin tangaran, da fale-falen daɓe, da tukwanen zubin ƙarfe, da birkin mota, kuma can da an yi amfani da danginsa wajen farin tangaran na fulogi.

Akwai wani hali nasa da masu masana'anta ke biya dominsa. Kowace mai ginin tukwane ta san yumɓu na tsukewa a wuta, har ya tsage. Kayanait kuwa kumbura yake yi, kashi 16 zuwa 18 cikin 100, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Sai a zuba garinsa cikin yumɓu da awo, wannan na tsukewa, wancan na kumbura, tubali ya fito daidai yadda anka so. Ɗan'uwansa andalusait kumburinsa kaɗan ne, shi ya sa ake aiki da shi ko ba a fara gasa shi ba. Farar ƙasa irin ta Ka'oje ma in ta gasu ƙwarai mulait take haifarwa, sai dai nata bai kai na kayanait yawa ba, don aluminarta ba ta kai tasa ba.

Masu riƙe da wagga kasuwa a duniya 'yan kaɗan ne. A Amurka akwai tsaunin Willis a jihar Bajiniya, inda kamfani ɗaya, Kyanite Mining Corporation, ke fitar da abin da kan tasam ma tan 100,000 a shekarar albarka. Indiya na da shi, an daɗe da sanin na Lapsa Buru a yankin Singbum. Rasha na da tuli a yankin Kola can arewa. Andalusait kuwa Afirka ta Kudu da Faransa da Feru ke fitar da shi.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne namu. Kayanait na masana'anta ba da giram ake sayensa ba, da tan ne. Wanda anka niƙa, anka wanke, anka tace, aluminarsa ta kai kashi 55 zuwa 60, ƙarfen da ke ciki ya yi ƙasa ƙwarai, kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne kan tan, bai kai dala ɗaya kan kilo ba. A taƙaice, shi da tan ɗin shinkafa a kasuwar duniya ba su da nisa da juna. Wancan kuwa tatacce ne. Wanda ke fitowa daga rami a cakuɗe yake da ƙanƙara da maika. A ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu na dutsen ne kayanait, wanda kuwa rami ne mai kyau: sai ka ɗauko tirela huɗu kafin ka tace ɗaya, kuma tacewar ba ta sheƙe da faifai ba ce, injuna take so da ruwa da lantarki. Ka ƙara kuɗin haƙa, da lodi, da mota daga nan zuwa Legas, ko daga Malanbil zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, tafiyar kilomita 700 da 'yan kai. Shinkafa in ta ƙi ciniki a Lolo ka kai ta Kamba, in ta ƙi ka ci da iyalinka. Dutse fa? Mun ga yadda kaya sunka tsaya sa'ad da anka rufe iyaka a watan Agusta na 2019. Mai hatsi ya sami masu saye a gida, amma kayan da mai sayensa ke ƙetaren teku sai dai ya zauna.

Ra'ayinmu shi ne, ranar da wanga dutse zai yi kasuwa a Nijeriya ita ce ranar da manyan tanderun ƙarfe sunka tashi. Ajakuta tun 1979 anka fara ginin ta tare da mutanen Tarayyar Sobiyet, har yau ba ta kai ga narka tama yadda anka tsara ba. Kafin wannan rana, ba sana'ar mai jarin buhu hamsin ba ce.

Na ado kuwa, wanda ke garau haske na ratsa shi, da karat ake sayensa, karat 5 ke giram 1. Irinsa kaɗan ne ƙwarai cikin rami. Masu yanka ba su sonsa don shina tsage masu a hannu, kuma bai dace da zoben da za a sa kullum ba, sai 'yan kunne da sarƙa. Wanda ya samu mai kyau ya sayar da shi da sunansa, zai sami na cefane da ɗan ƙari. Dillalin da ya karɓi la'ada ya ce safaya ce, shi za a zo a kama ranar da anka gane, ba mai rami ba.

Sai maganar hukuma. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya yake, ko da cikin gonar gado ne. Haƙa sai da lasin daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja. Saye da ajiya ma suna da lasin nasu dabam, fita da shi waje kuma sai da takardar izini da biyan kason hukuma. Wanda ya ɗora buhunan dutse bisa babur ya bi hanyar daji zuwa Segbana, in kwastan sunka tare shi, ba zancen shinkafa ba ne da za a yi magiya.

Kuma kada a kai dutsen rami cikin gida a daka a turmi, ko a kai shi injin niƙan hatsi. A 2010 yara fiye da 400 sunka rasu a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega, saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa tsakar gida. Kayanait ba shi da dalma, amma ƙanƙarar da ke tare da shi, ƙurarta na cin huhu sannu a hankali, kuma ba a warkewa. Balle mai kawo dutse ba ya sanin duk abin da ke cikin buhunsa.

In allura da sikeli sun nuna kayanait ne, kuma mai ramin na da takardunsa, saura awon hukuma. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya na da ɗakin gwaji a Kaduna, akwai kuma cibiyar binciken ƙarafa a Jos. Abu biyu za a nema a rubuce: yawan alumina da yawan ƙarfe. Samfurin da za a aika kuwa kada ya zama wanda mai rami ya zaɓo da hannunsa, gama kowa na bakin buhu yake gyarawa. Mutum ya tafi da ƙafarsa ko ya aiki yaronsa amintacce, a ɗebo daga bisa da tsakiya da gindin rami, gabas da yamma, a haɗa a gauraya, a raba biyu, a aika da rabi a aje rabi, kamar yadda muke soka ma buhu ƙarfe wuri uku kafin mu yi ciniki.